Muryar Cikin Bokiti

Litinin, huɗu ga wata

Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya tsayuwar ɗakin magani? Ki gaya wa amaryata na ji labarin haƙorinta na gaba ya fita. Yanzu mun dace ni da ita, giɓi da giɓi, sai dai nata zai tsiro, nawa kuwa tun da keke ya kayar da ni ina saurayi ya ce sai wata rana. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar hagun nan da ke sa ni jan ƙafa.

Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Wayar nan matse murya take yi kamar an tura mutum cikin gwangwani, kuma da na ajiye sai in ga rabin abin da na so faɗa ban faɗa ba.

Albishirinki, tsohonki ya koma bakin aiki. Gidan talabijin sun tuna da ni bayan shekara goma sha ɗaya. Sabuwar shugabar sashen yara, wadda ba na jin ta kai ki shekaru, ta zo har gida. Wai za su sake nuna Kaka Mai Fitila, katun ɗin nan na ƙasar waje da muka ɗora wa muryoyin Hausa tun kina 'yar firamare. Kashi hamsin da biyu ne, suna son wanda zai kalli kowanne ya rubuta sharhi shafi guda, ko hoton bai dushe ba, ko sautin na nan, ko tsoron bai yi wa yaran yanzu yawa ba. Cikin mu bakwai da muka yi muryoyin, biyar sun riga mu gidan gaskiya, na shida kuma sai an yi masa ihu a kunne. Saura ni. Sun kawo mini na'urar kallo da wata 'yar rikoda da ba ta fi ashana girma ba, wai in hannuna ya gaji in faɗa da baki. Awa shida take ɗauka ba ta numfasa ba.

Kin tuna yadda shirin yake. Kaka da fitilarta da jikokinta biyu da akunsu mai tsegumi su sauka wani gari, su tarar dodo ya hana mutane sakat. A yi ta guje-guje, can sai akun ya maimaita wata magana da ya tsinta a inda bai kamata ba, a kama dodo, a cire masa fuskar roba, a ga ashe mutum ne, kuma wanda aka gaisa da shi tun farkon shiri. Sai Kaka ta ɗaga fitila ta faɗi maganarta ta kullum, cewa ba a tambayar dodo sunansa, abin da yake so ake tambaya.

Ni ne muryar dukan dodannin, kuma daga nan na samo sunan Mai Bokiti. Ba mu da na'urar amsa-kuwwa a lokacin, saboda haka in dodo zai yi magana sai in durƙusa in cusa kaina cikin bokitin ƙarfe na mai shara, a kara makirufo a bakinsa. Shekara biyu ina firgita 'ya'yan mutane ina warin sabulun goge ƙasa. Da yake mu kaɗan ne, Darakta ya kafa doka cewa wanda ya yi dodo shi zai yi mutumin da za a tarar a ƙarƙashin fuskar roba. Ba wanda ya taɓa gane wannan sai ke. Giɓin nan yana sa in yi ɗan fito duk sanda na ce sha ko shi, bokiti bai iya ɓoye shi, Darakta ya yi faɗa har ya gaji. Ƙarfe huɗu ake fara shirin, daidai lokacin da motar makaranta ke sauke ki. Ko takalmi ba kya cirewa, ki zube gaban akwatin, mamarki ta kawo shayi. Da wani mutumin kirki ya buɗe baki kika ji fiton, sai ki miƙe ki nuna shi da yatsa ki ce, “Baba ne!” Kin ɓata wa yaran maƙwabta kashi goma sha takwas a jere, har suka daina zuwa kallo gidanmu.

Yau na iso na sha tara, Gidan Mai Agogo, wanda ya sa ki kuka. Tsoho ne mai gyaran agogo, shi kaɗai a gidansa. Kullum ya wayi gari sai ya tarar an taɓa masa agoguna, ga wata murya tana ce masa ya tashi ya bar wurin. A ƙarshe dodon ya zama ɗan ƙanensa, wanda ke son a sayar da gidan. Ranar da muka ɗauke shi mura ta shaƙe mai yin muryar tsofaffi, sai Darakta ya ce in riƙe tsohon tare da dodo, ɗan ƙanen aka ba mai haɗa sauti. Ba wanda ya tuna da ke. Kina jin tsoho ya yi fito kika ce shi ne, da aka cire fuska aka ga wani daban kika fashe da kuka, kika ce talabijin ta yi ƙarya, ranar ko abinci ba ki ci ba.

A sharhina na ce hoton ya ɗan yi ja amma ana gani. Na ce wurin da ya fi ban tsoro shi ne inda tsoho ya buɗe shago ya tarar agogo arba'in sun tsaya a lokaci guda. Mun bar wurin shiru daƙiƙa goma sha biyu, na roƙe su kada su cusa kiɗa. Aibi ɗaya na kama. Akwai ƙaramin agogo cikin akwati a kulle a gefen gadon tsohon, makullin na rataye a wuyansa, shi ma an tsayar da shi, kuma har shirin ya ƙare ba a faɗi yadda ɗan ƙanen ya kai gare shi ba. Sakaci ne na masu rubutun.

Ga abin dariya. Da safe nake aikin, bayan azahar in kwanta in huta. Da na tashi yau wajen shida saura, na tarar agogon bangon falo ya tsaya a ƙarfe huɗu cif, an cire batirin an ajiye a kan tebur. Makon jiya tabarauna a firji na same shi, butar shayi kuma ta ƙone ƙurmus a kan gas, ni kuwa ban ɗora ba. Na ba yayanki Gajere labari da ya zo ranar Asabar, ina zaton za mu yi dariya. Har yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofata, ban san wa ya laƙaba masa sunan nan ba. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya butar a hannu, sannan ya sake ɗauko zancen nan nasa, wai gidan ya yi mini girma, in koma wurinsu, matarsa ta gyara mini ɗaki. Na ce masa a gidan nan aka kawo mini mamarku, daga nan aka fitar da ita, ni ma daga nan za a fitar da ni.

Ki gaida mutan gidan duka. Allah ya yi muku albarka.

Babanki,
Mai Bokiti


Laraba, sha uku ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Yaya gajiyar aiki?

Takardarki ta iso, na karanta sau biyu, na biyun cikin fushi. Wato ni kike cewa in je a duba ni. Kin zauna cikin kwalaben magani har kowa ya zama majinyaci a idonki. Mutumin da zai iya jero miki dodanni hamsin da biyu da ka, kowanne da irin dariyarsa, shi za a ce mantuwa ta kama? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki saurara ki ji abin da ya faru, sannan ki gaya mini wace ƙwayar magani ke maganinsa.

Ranar Lahadi na tashi daga barcin rana na fito falo na tarar da kofi biyu a kan tebur, an zuba shayi har ya huce. Ɗaya nawa ne. Ɗayan mai furen nan ne na mamarki, wanda ban taɓa ba tun rasuwarta, shekara uku ke nan. An sa masa sukari cokali uku yadda take sha, na ɗanɗana. Mayafinta ruwan toka yana rataye a bayan kujerarta, yana ƙamshin akwatinta. Agogo kuma ya sake tsayawa a huɗu. Ba zan ɓoye miki ba, a ƙasa na zauna. A shirinmu dodo sai da duhu yake fitowa, nawa da rana tsaka yake yawo, tagogi a buɗe, ana jin motoci na wucewa.

Da na dawo hayyacina sai na yi tunani. Ni ban yarda matattu na dawowa shan shayi ba. Shekara biyu kaina na cikin bokiti, na san kowane dodo akwai mutum a cikinsa yana gumi. Sai na bi maganar Kaka, na bar tambayar suna na tambayi abin da ake so. Ana so in tsorata in bar gidan nan. Wa ke ta ce mini in bar shi? Wa ke da makulli in ba ni ba? Wa ya san cokali nawa mamarki ke sa wa shayi, in ba wanda ya girma yana wanke mata kofin ba? Da ɗan gari kan ci gari. Na sake sa kashi na sha tara na kalla tun daga farko, ina ganin ɗan ƙanen nan yana shafa kafaɗar tsoho yana ce masa ya huta haka nan, sai na ga kamar Gajere nake kallo.

Jiya na je shagon Gajere. Yana tsugune bayan wani firji, ga abokan aikinsa biyu, ga wata mata da ta kawo gyara. Ban jawo shi gefe ba. Na ce ya ba ni makullina. Na ce na ɗauko shi yana shekara biyar ranar da muka binne ubansa, ƙanena, ban taɓa bambanta shi da ke ba ko a loma ɗaya, in gida yake so ya jira in mutu, ba sai ya tono mini matata daga akwati ba. Gajere ya miƙe, kin san tsawonsa, sai na ga ya ƙanƙance. Ya ciro makullin, ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu. Abin da ya ce kawai Allah ya huci zuciyata, kuma don girman Allah in riƙa rufe tukunyar gas daga gindi kafin in kwanta. Kin ji ƙarfin hali. Yana ma gaya mini ta inda zai ɓullo.

Duk da haka raina bai yi mini daɗi ba a hanya. Na tuna ranar da na koya masa keke yana ihu kada in saki. Na tuna shi ne ya ɗauki mamarki a bayansa ya sauko da ita matattakalar asibiti. Na tsaya a bakin titi na share ido kamar ƙura ce ta shiga. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kada ki rubuto kina kare shi.

Na kai kashi na ashirin da shida. Na sha taran kuwa na karɓo takardar na ƙara layi ɗaya, cewa kada a bar ƙananan yara su kalle shi su kaɗai.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki,
Mai Bokiti


Juma'a, ashirin da biyu ga wata

Uwata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. An ce haƙorin amaryata na gaba ya fita, ki ce mata mun zama ɗaya ni da ita.

Abin bai tsaya ba. Washegarin ranar da na karɓi makulli na sa aka canza kwaɗon ƙofa gaba ɗaya. Makulli biyu aka ba ni, na zura su a igiya na rataya a wuya, da su nake wanka da su nake kwanciya. A cikin kwana tara an zuba shayin nan sau huɗu. Shekaranjiya na tarar gefen labulen kicin ya babbake, baƙi har sama, an watsa masa ruwa ta taga daga waje, ƙasa duk ta jiƙe. Wato ya kunna ya kashe, don in san abin da zai iya.

Kuma yanzu ko ɓuya ba ya yi. Kullum motarsa ta aiki tana tsaye a ƙetaren titi gaban shagon ɗinki. Maƙwabta sun ce tun uku da rabi yake zuwa. Ni dai in na tashi na ɗaga labule ina ganinsa a ciki, ba ya cin komai, ba ya karanta komai, gidana kawai yake kallo. Da ya ga labule ya motsa sai ya ta da mota ya tafi. Mutum mai shago da iyali, me zai sa ya bar aikinsa awa biyu kullum ya zo ya zuba wa gidan tsoho ido?

Sai maganar da kika rubuto, wadda ta fi komai tayar mini da hankali. Kin ce ranar Alhamis ɗin makon jiya da ƙarfe huɗu na bugo miki waya ina tambaya me ya tsayar da ke a makaranta. Uwata, ban buga ba. Na duba wayar na ga lambarki a ciki, to amma wayar a falo take kwana da rana, ni kuwa ina ɗaki. Kin ce muryata ce, har fiton kin ji. Ni za a gaya wa murya? Murya riga ce, ana arowa. Kin manta wanda ke ɗaukar bokitin wankin mamarki yana cusa kai yana kwaikwayona, ku yi ta dariya har ku faɗi? Tun yana ɗan shekara goma ya iya ni. Mai gyaran firji kuma ba ya rasa dabarar da zai yi wa kwaɗo.

Na yanke shawara. Ranar Litinin zan je ofishin 'yan sanda in shigar da ƙara, sannan in rubuta wa dangi kaf cewa ba ni ba shi, ko gawata ban yarda ya ɗauka ba. Na san maganar tana da nauyi. Na fi kwana uku ina juya ta, kowane juyi tana ƙara ɗaci. Amma ba zan je hannu Rabbana a ce tsoho ya ruɗe ba. A shirinmu aku ake bari a ɗaki ya tsinto magana, ni ma ina da nawa akun. Gobe kafin in kwanta zan kunna 'yar rikodar nan in ɗora ta a kan firji bayan gwangwanin sukari, inda za ta ji falo ta ji kicin. Mutane suna cewa gani ya kori ji, ni a sana'ata ji ne ke korar gani. Ko tari ya yi zan kama shi.

Tsoro nake ji, Uwata, ke kaɗai zan gaya wa. Da azahar ta wuce sai in riƙa kallon gadona kamar bakin rijiya. Na gwada zama a kujera don kada barci ya ɗauke ni, sai in farka a gado, takalmina a jere, ban san wanda ya kai ni ba.

Ki sa ni a addu'a.

Babanki,
Mai Bokiti


Lahadi, ashirin da huɗu ga wata

Uwata, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da yara. Na duba kwafin takardata ta shekaranjiya na ga na sake yi miki zancen haƙorin amaryata kamar sabon labari. Ki gaishe ta duk da haka. Da safe nake rubuta wannan, kaina a sarari, kuma ina sauri don ban san iya lokacin da za a ba ni ba.

Na saurari akun. Na sa abin ji a kunne na zauna da biro da takarda yadda nake yi a wurin aiki. Awa ɗaya da rabi ba komai sai kukan firji. Ina jiran ƙarar ƙofar waje, don na san ta, tana da ɗan kuka a ƙarshe. Ba ta yi ba. Ƙofar da ta buɗe ta ɗakina ce. Sai taku, ƙafa ɗaya tana sauka, ɗaya tana ja. Aka buɗe famfo, aka ƙyasta gas, aka sauko da kofi biyu. Na ji cokali ya shiga sukari sau uku.

Sannan ya yi magana. Ya kira mamarki da sunan da nake kiranta in mun rufe ƙofa, wanda ko ke ba ki sani ba. Ya ce ta fito shayi zai huce. Ya ce huɗu ta yi, yarinyar nan ba ta dawo ba, za a fara shirin. Na ji an ja kujera an hau, ya ce bari ya tsayar da agogon kada ki rasa farko.

Na mai da wurin baya sau bakwai, ina neman inda zan kama Gajere. Mai kwaikwayona da gangan yake fiton, yana ƙara masa gishiri don a yi dariya. Wannan kuwa danne shi yake yi. Yana zuwa kan shayi sai ya ɗan tura harshe ya toshe giɓin, fiton ya kuɓuce ta gefe, siriri. Shekara arba'in ina wannan dabarar saboda faɗan Darakta. Ba wanda ya san ina yi, balle ya ara.

Ban gama ba. Can sai na ji an ƙwanƙwasa tagar kicin daga waje, a hankali, da ɗan yatsa. Muryar Gajere ce, ya sassauta ta kamar mai lallashin jariri. Na rubuta abin da ya ce kalma da kalma. “Baba, sannu da aiki. Motar makarantar ce ta makara, yanzu za ta iso. Kashe wutar tukuna, Baba, in ta zo sai a ɗumama. Yauwa. Murɗa na ƙasan ma. Je ka ɗan kishingiɗa, ni zan tsaya a ƙofa in jira ta.” Mutumin ya ce to, Allah ya yi masa albarka, ya tambaye shi ko ya gama aikin gida da malam ya ba su. Gajere ya ce ya gama. Taku ya koma ɗaki. Gajere kuwa bai bar tagar ba, ina jin numfashinsa, yana jan hanci, minti goma sha ɗaya.

Rashin sani ya fi dare duhu. Na ci mutuncin yaron nan a gaban abokan aikinsa, na ce ya tono mini mata, ya durƙusa ya ba ni makulli, washegari ya dawo ya zauna a mota yana gadin hayaƙi. Ban san wata nawa ya yi yana rufa mini asiri ba. Gobe ne da zan kai shi wurin 'yan sanda. Uwata, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar mamarki, don ranar ba ni da laifi.

Da na lafa sai na sa kashi na sha tara na kalli ƙarshensa. An kama ɗan ƙane, kowa na dariya, Kaka ta ɗaga fitila. A can gefen hoto tsohon yana zaune a bakin gado, akwatin na buɗe a cinyarsa, yana murɗa ƙaramin agogon baya, yana murmushi, ba mai kallonsa. Daƙiƙa biyu ne kacal. Sau nawa na ga wurin nan ban gani ba. Na ɗauko sharhina zan goge inda na ce sakaci ne. Ban san abin da masu zanen suka nufa ba, amma na san yarinyar da ta nuna tsohon da yatsa tana shekara shida ba ta yi kuskure ba, mu ne muka ba ta haƙuri a kan gaskiyarta.

Ga abin da nake so. Ina rufe takardar nan zan tafi gidan Gajere, tun rana ba ta yi ba. Zan cire igiyar nan daga wuyana in ba shi duka biyun, kuma gobe sai na koma shagon na faɗa a gaban mutanen da na faɗi ta farko. In ɗakin da matarsa ta gyara yana nan, zan shiga. Kofin mamarki kawai zan ɗauka da agogon. Ke kuma ki nemi hutu ki zo ki kai ni inda kika ce a duba ni, ba zan yi gardama ba. In na yi, ki yi haƙuri, ba ni ba ne, ko kuma ni ne, ban san yadda ake faɗa ba.

Ki adana takardar nan da kyau. Wata rana zan sake tashi in ce an taɓa mini kaya, in nemi wanda zan zarga, kuma na san wanda zai fi kusa. Ranar ki zaunar da ni ki karanta mini ita da ƙarfi. In na ce ban san wanda ya rubuta ba, ki sa mini rikodar a kunne, kunnen bai taɓa yi mini ƙarya ba. In kuma na tambaye ki wane ne wannan mai jan ƙafa yana zuba shayi, kada ki tausaya mini. Ki faɗa mini yadda kika saba faɗa.

Allah ya yi muku albarka, ke da yayanki, ya ba ku masu yi muku fiye da haka. Ki yafe mini. Ina nan ina jiran ki, ko ƙarfe nawa motar ta sauke ki.

Baba ne.